Shekara 35 ina sa hannu a fayil, sai ina da shekara 65 na zama lauya

Salamu alaikum 'yan uwa. Yara sun daɗe suna damuna wai Baba ka ba da labarinka mutane su karanta, ni kuma ina ta kaucewa saboda akwai wani wuri a cikin labarin da ban taɓa son a taɓo min shi ba, to yau dai Allah ya yi, na zauna bayan la'asar ni ke faɗa jikata tana buga min a waya don ido ya fara gajiya, in kun ga wani wuri ya karkace ku yi mana uzuri.

An haife ni a 1954 a wani ƙauye da ba sai na faɗi sunansa ba. Mahaifina manomi ne yana ɗan taɓa dukanci da rani. Baffana ƙanen mahaifina shi ne ɗan bokon gidanmu, akawu ne a wata ma'aikata, shi ya ɗauke ni ina ɗan shekara 7 ya sa ni firamare, a gidansa na tashi har na shiga jami'a. Mutum ne mai tsafta, kullum da safe sai ya goge takalminsa da kansa ya soke biro biyu a aljihun gaba, ni tun ina yaro abin da nake so in zama ke nan.

A 1975 da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, ya sayi babbar rediyo mai rigar fata, yana ji da ita sosai. To a wannan rediyon ya ji an sallame shi daga aiki, a cikin korar nan da aka yi wa ma'aikata sama da 10,000 a ƙarshen shekarar, ana karanto sunaye ana cewa nan take. Ba a kira shi ba, ba a ba shi takardar tuhuma ba, har ya rasu bai san laifin da ya yi ba. Na zo hutu daga Zariya na tarar da shi a zaure da biro biyun nan a aljihu babu inda za shi, wallahi ranar na yi kuka, na kuma yi wa kaina alkawari in Allah ya sa na shiga aikin gwamnati ba za a taɓa yi wa wani haka da hannuna ba. Ku riƙe wannan alkawarin, za mu dawo kansa.

Na gama digirin harkokin mulki a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a 1977, na yi bautar ƙasa, a 1978 na kama aiki da gwamnatin jiharmu a matakin albashi na 8 a matsayin mataimakin sakatare. Yaran yanzu ba za su gane yadda aikin yake a lokacin ba. Babu kwamfuta, tafireta ce da takardar kabon, wasiƙa ɗaya sai a mayar maka da ita sau uku saboda waƙafi ɗaya bai zauna daidai ba. Wanda ya koya min aiki wani dattijo ne tun zamanin gwamnatin Arewa ta Kaduna yake aiki, shi ya koya min yadda ake rubuta bayani a fayil, gajere, a sa lambar shafi, a kawo dokar da ta shafi maganar, a ba da shawara a layin ƙarshe. Yana yawan ce min yaro fayil ba ya mantuwa, duk abin da ka rubuta zai jira ka. Na ɗauka yana nufin in kiyaye kaina daga bincike, sai daga baya na gane maganar ta fi haka faɗi.

A ofishinmu akwai wani masinja, kowa Baba masinja yake ce masa. Dogo ne siriri da kakinsa da ya koɗe amma kullum a goge, yana da keke Raleigh da ya ɗaura wa roba a kariya don ɗaure fayiloli, bai yi boko ba amma da kalar bango da girman fayil yake gane na wane ofishi ne kuma ban taɓa ganin ya kai wani inda ba nan ba. Yallaɓai ƙarami yake ce min. Lokacin da na yi aure shi ya nemo min ɗakin haya, da matata ta haihu na fari shi ya je ya tsaya aka yanka ragon suna.

A 1984 aka zo rage ma'aikata, kusan ko'ina a ƙasar nan an yi. Aka kafa kwamiti a ma'aikatarmu aka sa ni sakataren kwamitin, aka ce kowane sashe ga adadin da zai kawo. Dalilan da ake rubutawa sanannu ne, tsufa, rashin lafiya, raguwar ƙwazo, rashin ɗa'a. Muka yi ta zama, duk wanda aka ambata sai ka ji wani babba ya ce a'a wannan ɗan gidan wane ne, wannan surukin wane ne, har aka zo ana neman mutum biyu a cike adadi. Sai wani ya ce ai Baba masinja ya tsufa. Aka yi shiru, aka dube ni don ni ke riƙe da biro. Na san lafiyarsa ƙalau, na san bai taɓa makara ba, na kuma san fayil ɗinsa don na duba, saura wata bakwai ya cika shekara 15 a aiki, kuma a dokar wancan lokacin sai ka cika 15 kake da fansho. Duk na san wannan. Ina jiran ƙarin girma a shekarar, ina tsoron a ce yaron nan mai taurin kai ne. Na rubuta sunansa, a gaban sunan na rubuta raguwar ƙwazo.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, da aka buga jerin sunayen na sa a fayil na danna ƙararrawa, shi ne ya shigo. Ya karɓa da hannu biyu kamar yadda ya saba ya ce Yallaɓai ƙarami ina za a kai, na ce ofishin babban sakatare, ya ce an gama ranka ya daɗe, ya rungume fayil ɗin a ƙirji ya fita. Da ƙafarsa ya kai takardar korarsa. Bayan kwana huɗu aka ba shi wasiƙa, ya kawo min ita in karanta masa, na karanta masa ban iya ɗaga kai ba, ya ce to Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya tambaye ni ko akwai wanda zai je ya gani, na ce masa daga sama ne Baba babu yadda za a yi. Na ba shi naira 20 ya yi ta godiya. Bai san rubutuna ba ne.

Na samu ƙarin girman. Daga nan aiki ya yi ta tafiya, aka yi ta yawo da ni ma'aikatu, ilimi, lafiya, ƙananan hukumomi, na je kwas Badagry, na ga zamanin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, da albashi ya koma ba ya kai mutum tsakiyar wata, na ga gyaran 1988 da aka soke muƙamin babban sakatare aka koma darakta janar wanda ke tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa shi, na ga an dawo da tsohon tsarin a tsakiyar shekarun 1990. Wurin da na fi daɗewa shi ne ma'aikatar ƙasa da safiyo. A nan ma na sa hannu a takardu da yawa na karɓe gonaki don hanya ko rukunin gidaje, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka don amfanin jama'a, diyya kuma ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko shuka ko itatuwa, ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Sai ka ga dattijo ya zo da rawaninsa yana cewa gonar nan tun kakana, kai kuma kana ƙirga masa bishiyar mangwaro da ɗorawa. Ban ci kuɗin kowa ba, wannan kam ina iya dafa Alƙur'ani, amma kuma ban cika tsayawa na saurari kowa ba, in mutum ya dame ni sai in rubuta KIV a fayil ɗinsa, wato a ajiye tukuna, kuma duk ma'aikaci ya san fayil ɗin da aka rubuta wa haka zai iya shekara bai motsa ba.

Na zama darakta, daga baya Allah ya ba ni babban sakatare, na yi shekara shida a kai. A 2013 na cika shekara 35, ka'ida kuwa ita ce shekara 35 a aiki ko 60 a duniya duk wadda ta riga zuwa, aka yi min walima aka ba ni agogon bango da lambar yabo. Sati biyu bayan nan wayata ta yi tsit. Wannan bai dame ni ba sosai don na san haka ake yi. Abin da ya girgiza ni shi ne ranar da na je tantance 'yan fansho na shiga layi, ni an gane ni aka zo aka shigar da ni ta ƙofar baya aka ba ni kujera, amma ta taga ina hango tsofaffin malaman firamare da direbobi da leburori a rana riƙe da takardu a leda, wani an kawo shi a baro. Wani tsoho da kaki ya juyo, gabana ya faɗi na ɗauka Baba masinja ne. Ba shi ba ne, amma daren nan ban yi barci ba.

Da na ce wa matata Hajiya zan koma makaranta in karanta lauya sai ta yi shiru ta ce Alhaji lafiya dai ko. Babban ɗana ya ce Baba ka huta mana, in kasuwanci kake so mu buɗe maka gidan gona. Abokaina kuwa wasu suka ce siyasa zan shiga nake neman ado. Ni dai abin da na sani shi ne shekara 35 ina aiki da doka kamar mai tuƙa mota bai taɓa buɗe injin ba, ina so in san abin da na yi wa mutane, halal ne a doka ko ba halal ba, kuma in akwai sauran ƙarfi in tsaya wa irin mutanen da ke cikin layin nan.

Da yake ina da digiri sai aka ba ni gurbi kai tsaye a aji biyu, shekara huɗu maimakon biyar, kuma a Kongon nan dai da na bari a 1977 na koma a 2014. Na kama ɗaki a Tudun Wada, ranar Juma'a in tafi gida. 'Yan ajinmu sa'o'in 'ya'yana ne wasu ma ƙasa da haka, ranar farko da na shiga suka miƙe sun ɗauka ni ne malamin. Baba suke ce min, kuma gaskiya yaran nan sun riƙe ni da mutunci, wata yarinya 'yar Kafanchan ita ta koya min yadda ake buɗe takardun lakca a WhatsApp da yadda ake nemo hukuncin kotu a intanet, ni kuma da yamma in zauna da su a ƙarƙashin bishiya in yi musu bayanin yadda gwamnati ke aiki a zahiri. Haddar sunayen shari'o'i da shekarunsu ta ba ni wuya ƙwarai, kan ɗan shekara 60 ba irin na ɗan 20 ba ne, sai na koma yi kamar yadda muka yi a makarantar allo, bayan asuba in rubuta in maimaita in wanke in sake.

A darasin dokar gudanar da mulki ne abin ya same ni. Malamin, wanda a haife na haife shi, yana bayanin haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, wanda yanzu yake sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, ya kawo shari'ar Shitta-Bey ta 1981 inda Kotun Ƙoli ta nuna cewa ma'aikacin gwamnati da doka ta tsara aikinsa ba a raba shi da aikin yadda aka ga dama, sai an bi ƙa'ida. Daga nan ya ce amma a 1984 sojoji sun kafa doka ta 17 wadda ta ba da ikon sallamar ma'aikaci ta kuma hana kotu sauraron ƙarar. Wato ko da Baba masinja ya samu lauya a lokacin babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ƙofa ɗaya ce ta rage masa a duniya, ɗakin kwamitin nan, kuma ni ne a zaune a bakinta da biro. Na fita daga ajin na je bayan masallaci na zauna, yarinyar nan ta biyo ni da ruwa tana Baba ko jininka ne ya hau, na ce mata a'a 'yata, wani tsohon bashi na tuna.

Na gama a 2018 na tafi makarantar horon lauyoyi, aka tura ni reshen Bagauda. Shekara ɗaya ce amma ta fi huɗun nan zafi, farar riga da baƙin wando kullum, darussa biyar, shari'ar farar hula, shari'ar laifuka, harkar filaye da kadarori, harkar kamfanoni, da ɗa'ar aikin lauya, kuma a lokacin darasin da ka fi rauni a ciki shi ke yanke maka matsayin sakamakonka gaba ɗaya. Ga zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauyoyi, ga liyafar cin abinci sau uku da dole ka halarta. Sanyin Bagauda da hunturu ya taso min da ciwon gwiwa har na yi tunanin haƙura, Hajiya ce ta ce wallahi ba ka isa ba, ka ɗaga mana hankali shekara huɗu sannan ka dawo hannu rabbana. A ƙarshen 2019 aka rantsar da mu a Abuja ina da shekara 65, jikokina suna ta taɓa hular lauyan suna dariya, ni kuwa baffana nake tunawa.

A aikin lauya shekarar da aka rantsar da kai ita ce shekarunka, furfura ba ta da lissafi. Na shiga ofishin wani lauya da ya girme ni a aikin da shekara 20 ko da yake na girme shi a haihuwa da kusan haka, ina ɗaukar masa jaka, a kotu ina zama a baya sai manya sun gama a kira tawa. Wasu tsofaffin abokan aiki suna ganin wannan zubar da girma ne, ni ban taɓa jin haka ba ko sau ɗaya. Korona ta zo a 2020, a 2021 kuma ma'aikatan kotu suka yi yajin aiki wata biyu, sai bayan nan na fara tsayuwa sosai da ƙafata.

Shari'ata ta farko da na riƙe ni kaɗai ta wata baiwar Allah ce, mijinta direba ne a wata hukuma ya rasu a bakin aiki, shekara shida tana zirga-zirga kan haƙƙinsa ana ce mata fayil ya ɓata. Ta zo da 'yarta da takardu a cikin ledar shinkafa, ta durƙusa, na ce tashi ki zauna a kujera 'yar uwa, ba ni labarin tun daga farko, ta yi awa biyu tana magana ban katse ta ba. A nan ne shekara 35 ɗin nan suka yi min rana, don na san fayil ba ya ɓata haka kawai, na san akwai rajistar shige da fice, akwai kwafi a ofishin akanta, akwai takardar biyan albashi ta ƙarshe. Na rubuta wasiƙa irin wadda na san in ta sauka a teburin babban sakatare ba zai iya rubuta mata KIV ba, da ba su amsa ba muka tafi kotun ma'aikata, wadda tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin irin wannan. Kafin zama na uku fayil ya fito, aka nemi sulhu, aka biya ta. Tun daga nan yawancin aikina ke nan, fansho da giratuti da diyyar gona. Sashe na 210 ya ce fanshon ma'aikacin jiha haƙƙi ne da ba a riƙe shi, kuma a riƙa duba shi duk shekara biyar, amma je ka ga abin da wasu tsofaffi ke karɓa a wata, ko kuɗin maganin hawan jini bai kai ba. Wanda yake da hali ya biya ni, wanda ba shi da shi ya sayi takardun kotu kawai. Ba kullum muke nasara ba, akwai dattijon da ya rasu saura sati uku a yanke hukunci, na kuma faɗi shari'ar gona biyu.

Shekara biyu da suka wuce na sa aka nemo min gidan Baba masinja. Ashe ya daɗe da rasuwa, bayan an sallame shi gadi ya koma yi a wani shago har ƙarfinsa ya ƙare. Na samu babban ɗansa, mai faci ne a bakin titi, na zauna a kan bencinsa na gaya masa komai, har da wata bakwai ɗin, har da cewa shi ya kai fayil ɗin da kansa. Ya daɗe yana kallon tayar da ke hannunsa, sannan ya ce Alhaji a shekarar aka cire ni daga makaranta ina aji biyu na sakandare. Ya ce ni dai na yafe nawa, amma mu tara ne ya bari, ba ni da ikon yafe na kowa.

Na zauna na lissafa abin da fanshon zai kama daga 1984 har rasuwarsa gwargwadon yadda na iya, na je wurin wani malami ya taimaka min da yadda za a raba bisa gado, na sayar da fili ɗaya. A doka babu abin da ke kaina, na fi kowa sanin haka yanzu. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya, na samu shida, ɗaya ya rasu na ga 'ya'yansa, ɗaya yana Kamaru muna magana ta waya. Autarsu mace ta ce ba ta son ganina kuma ba ta son kuɗin, ta ce ita ta yi jinyar uban a ɗakin da ruwa ke zuba. Na aika mata sau biyu, yayanta ya ce in ƙara ba ta lokaci, rabonta yana nan a ajiye a banki ban taɓa ba. Bayan sallah in Allah ya kai mu Hajiya ta ce ita za ta je da kanta ta same ta.